Yadda ɗan ƙwaro ya rufe wa zoɓon Najeriya ƙofar Meziko

A 2017, cikin wata tara kacal, kwantena 1,983 na busasshen zoɓo suka tashi daga Najeriya zuwa Meziko, kuɗinsu dala miliyan 35. Lissafin hukumar NAQS ne wannan, wato hukumar da ke duba lafiyar kayan gona kafin su fita ko su shigo ƙasa, lokacin Dakta Vincent Isegbe ne shugabanta. Shekara na zagayowa, a 2018, Meziko ta ce a dakata, kar a ƙara kawo mata ko buhu ɗaya. Dalili kuwa wani ɗan ƙwaro ne da jami'ansu suka riƙa tsinta a cikin kayan, wanda in aka ɗora maka shi a tafin hannu sai ka matso da ido sosai kafin ka gan shi. Sai da aka shafe wajen shekara uku kafin a sake buɗe hanyar.

Mutane da yawa a nan in ka ce musu zoɓo yana zuwa Meziko dariya suke yi, su a ganinsu abin ƙullawa a leda ne a sa a kula yara su kai bakin makaranta, ko a haɗa da citta da kanumfari da ɓawon abarba a sha da buɗe baki. Toh can ma haka suke shansa, ko ma fiye da mu. Agua de jamaica suke ce masa, kuma kusan duk rumfar abinci da ka shiga zaka tarar da shi cikin manyan tuluna na gilashi jere da na tsamiya da na shinkafa. Suna nomawa da kansu, jihar Guerrero ce kan gaba sai su Oaxaca, amma abin da suke nomawa bai isar su, dole su sayo daga waje. Namu kuma ya fi nasu araha nesa ba kusa ba. Shi ya sa aka wayi gari kusan kashi 85 cikin ɗari na zoɓon da Najeriya ke fitarwa ƙasa ɗaya yake tafiya. Ka riƙe wannan adadin, don shi ne rabin labarin.

Kafin a zo kan ƙwaron bari mu bi kayan daga gona, saboda sai an san hannuwan da yake bi ake gane inda aka samu matsala. Yakuwa ba shuka ce mai wahala ba, tana jure ƙarancin ruwa da ƙasar jigawa, shi ya sa ta karɓi arewacin Jigawa da Katsina da Kano da Yobe da Bauchi, da tsallaken iyaka wajen Damagaram da Maraɗi. Da can a gefen gona ake zagaya ta ko a tsakanin gero da wake, galibi ma rabon mata ce, a ci ganyen a miya da fate, 'ya'yan a yi daddawar batso, jan kuma a shanya. Abin da muke jiƙawa ɗin nan ba shi ne ainihin furen ba, furen yana buɗewa ya faɗi, sai kofin da ke riƙe da shi ya kumbura ya yi ja ya rufe ƙwallon iri. Shi ake yankowa da kaka, daga wajen Nuwamba, a zauna a ɓare ɗaya bayan ɗaya a raba shi da ƙwallon. Duk wadda ta taɓa wannan aikin ta san ƙaiƙayinsa, ƙwallon yana da wasu ƙananan gashi masu shiga fata, yatsu su yi jawur su tsattsage, kuma sai an ɓare wajen kilo goma na ɗanye kafin a samu kilo ɗaya busasshe. A shanya a tabarma ko kan rufin ɗaki ko a ƙasa kawai in ba hali, iskar hunturu ta busar da shi cikin 'yan kwanaki.

Daga nan sai kasuwar ƙauye, a auna da kwano, ɗan kasuwa ya tara ya cika buhu, a kai Maigatari ran Alhamis ko wata babbar kasuwar yankin, daga can mota ta ɗauko zuwa Dawanau a Kano. A Dawanau ne kayan ke zama. Wani ya saya ya ajiye yana jiran farashi ya ɗaga, wani ya saya a hannunsa shi ma ya ajiye, kafin mai fitarwa waje ya zo ya saya ya zuba mata su tsince. In ka shiga irin wannan sito lokacin aiki zaka ga mata zaune layi-layi kowa da tulin zoɓo a gabanta da faranti ko rariya, sun ɗaure hanci da gefen mayafi saboda ƙura, suna fitar da itace da tsakuwa da ƙwallo da yashi, kuma yawanci da yawan abin da ka tsince ake biyanka ba da awa ba. Sai a danna a buhu a ɗinke, a loda kwantena mai ƙafa 40 wadda ke cin kamar tan 12 tunda kayan ba nauyi sai cika wuri, tirela ta ja zuwa Legas, a yi jiran da za a yi a Apapa, jirgi ya ɗauka ya yi makonni a teku kafin ya isa tashar Veracruz ta Meziko.

Yanzu ƙwaron. Khapra ake kiransa, masana kuma su ce Trogoderma granarium, asalinsa daga yankin Indiya. Babban bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, baya tashi, kuma kwanakinsa kaɗan ne a duniya, yayi ƙwai ya mutu. Tsutsar ita ce bala'in. Launin ƙasa-ƙasa ce mai ratsin rawaya da gashi a jiki, tana cin alkama da shinkafa da masara da gyaɗa da riɗi da kusan duk wani busasshen abu, tana saɓa tana barin fatarta da gashinta a cikin hatsin, har abin da bata ci ba ma ta ɓata shi. Abin da ya sa duniya ke tsoronta shi ne in abinci ya ƙare ko sanyi ya yi bata mutuwa, sai ta shige tsagar bango ko ɗinkin buhu ko ƙarƙashin katakon kwantena ta lafe, tayi shekaru a haka ba ci ba motsi, ranar da aka kawo sabon kaya ta farka ta ci gaba daga inda ta tsaya. A wannan halin na lafewa maganin ƙwari na yau da kullum baya yi mata komai sosai. Kuma zafi da bushewa take so, irin yanayin Kano a watan Maris da Afrilu ke nan ba ragi.

Abin lura a nan, khapra ba ƙwaron gona bane. Baya hawa yakuwa tana tsaye, manomin Gumel ko Babura ko Sule Tankarkar bai kawo shi daga gona ba. Ƙwaron ajiya ne. Yana shiga kaya ne a sito inda aka jibge zoɓo kusa da riɗi da gyaɗa da dawa, ko ta tsohon buhun da ya ɗauki hatsi bara da bara waccan aka juye aka sake zuba zoɓo a ciki, ko a bayan motar da ta sauke masara jiya, ko a cikin ita kanta kwantenar in ba a wanke ta ba. Zoɓo ma ba shi ne abincin da ya fi so ba, hawa kawai yake yi a kai shi. Duk wanda ya san Dawanau ya san buhu baya mutuwa da wuri, sai ya zaga hannu biyar ana faci ana ɗinkewa, kuma ba wanda zai ce maka ga abin da aka fara zubawa a cikinsa.

Da labarin dakatarwar ya iso, maganar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce ai siyasa ce, manoman Meziko ne suka matsa wa gwamnatinsu don namu ya karya musu farashi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, manoman Guerrero sun daɗe suna kuka da zoɓon waje mai araha, wannan ba ɓoyayyen abu bane. Amma ni ban yarda shi ne dalilin ba, kuma ga hujjata. Su mutanen Meziko sun taɓa ɗanɗana khapra. A 1953 aka gano shi a Kalifoniya ta Amurka, ya bazu zuwa Arizona da wasu jihohin kusa, ya tsallaka arewacin Meziko, sai da aka riƙa lulluɓe manyan rumbuna sukutum da tamfol ana turara musu gas, ba a gama da shi ba sai a shekarun 1960. Tun daga nan ko matacciyar tsutsa suka gani a kaya hankalinsu tashi yake. A 2013 sun dakatar da shinkafar Pakistan akan wannan ƙwaron dai, kuma Pakistan bata sayar musu zoɓo. Ƙasar da masara ce abincinta safe da dare ba zata yi wasa da abin da zai shiga rumbunta ba saboda abin sha. Hukumarsu mai suna SENASICA aikinta ke nan, in ta samu ƙwaron a kwantena sai dai a mayar da ita inda ta fito ko a lalata kayan, in abin ya yi ta maimaituwa kuma a rufe ƙasar gaba ɗaya. Haka akayi mana.

Toh wa ya ji a jikinsa? Mai fitarwa da kwantenarsa ke kan ruwa ya yi asara, ba musu, wasu da bashin banki suka yi lodin. Amma shi yana da waya da intanet da abokan hulɗa, zai nemi mai saye a Jamus ko Amurka ko wani wuri ko da a farashi ƙasa, ko ya koma riɗi da citta ya jira. Ɗan kasuwar tsakiya ya rage saye. Wanda ba shi da inda zai juya shi ne na ƙarshen layi, manomin da ya ga farashin bara ya faɗaɗa gona ya rage gero, da matar da ta ɓare da hannunta, da masu tsinta a sito waɗanda in ba lodi ba aiki, da 'yan dako. Kaya ya yi yawa a ƙasa mai saye ɗaya ya tafi, sai farashi ya zube, kuma zoɓo ba hatsi bane da zaka ce toh bari mu ci abinmu, iyali ba zasu rayu da jiƙo ba. In ka ajiye shi ya daɗe kuma launin ya dushe ya koma baƙi-baƙi, mai saye ya ƙara rage maka. Wato dai wanda bai taɓa ganin sito ba shi ya biya kuɗin dattin sito. Ga shi kuma abubuwa suka haɗu, a Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamban 2020, kayan da ke shigowa daga Nijar ta Maigatari da Mai'aduwa suka shiga wani hali, sannan korona ta zo ta dagula harkar jiragen ruwa.

Bari in yi wani ɗan lissafi da alƙaluman can na sama. Dala miliyan 35 in ka raba wa kwantena 1,983, kowace ta tashi dala dubu 17 da ɗari shida da wani abu. In kwantena tan 12 ce, kilo ɗaya bai kai dala ɗaya da rabi ba ke nan, kuma a cikin wannan ne za a cire kuɗin tsinta da buhu da mota da tasha da ribar mutum uku ko huɗu kafin a zo kan manomi. Kaga ashe ribar a yawa take, ba a tsada ba. Harkar da ribarta siririya ce haka kowa ƙoƙarin rage kashe kuɗi yake, sabon buhu kuɗi ne, wanke sito da toshe tsagar bango kuɗi ne, ware wa zoɓo ɗakinsa shi kaɗai kuɗi ne, turara kaya yadda ya kamata kuɗi ne da lokaci. Ba wai mutane basu san tsafta ba, a'a, ba wanda ke biyan ka ƙarin ko sisi don ka yi ta, mai tsafta da mara tsafta farashi ɗaya ake saye a hannunsu tunda kayan haɗewa suke a kwantena ɗaya.

Maganin da aka saba da shi a kasuwa shi ne ƙwayar nan da ake naɗewa a tsumma a cusa cikin kaya ta riƙa fitar da gas, wato phosphine. Tana aiki, amma sai an rufe wurin ruf iska bata fita kuma an bar shi kwanaki da dama, in an yi gaggawa ko tamfol ɗin ya huje sai ta kashe na sama-sama ta bar masu lafewa, waɗanda suka tsira kuma jikokinsu su fi jure maganin. Wasu kuma fiya-fiya ko Sniper suke yayyafawa, wanda wannan ma wata masifar ce daban, don irin sinadarin da ke cikinsu, dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da za a jiƙa a sha kuma ba a ko dafa shi sosai wani lokacin, ka yi tunani.

Abin da Meziko ta nema kafin ta buɗe ƙofa shi ne a turara kayan da wani gas mai suna methyl bromide, kuma ba a ƙarƙashin tamfol a tsakar sito ba, a cikin ɗaki na musamman da aka gina don haka wanda baya yoyon iska, a auna yawan gas ɗin da zafin ɗakin da awannin da kaya suka yi a ciki, jami'in NAQS ya shaida ya ba da takardar lafiyar tsirrai, sannan a rufe kwantena. Wannan gas ɗin yana ratsa buhu ya kashe har tsutsar da ta lafe. Matsalarsa yana cinye rufin ozon na sararin sama wanda ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta sun sa an daina amfani da shi a noma, sai dai an bar ƙofa ga irin wannan aikin na kashe ƙwarin da ake tsoron su tsallaka iyaka. Gina irin wannan ɗakin ba aikin ƙaramin ɗan kasuwa bane. Sai da 'yan kasuwa masu ƙarfi suka zuba kuɗi aka gina a Kano, aka yi ta kai da komo tsakanin NAQS da SENASICA da ƙungiyar masu fitar da zoɓo da ofishin jakadancin Meziko a Abuja, kafin a 2021 aka ce an koma lodi, a ƙarshen 2022 kuma hukumomin biyu suka sa hannu a takardar tsarin aiki.

Lokacin sa hannun har an riƙa ambaton wai Najeriya zata iya samun dala biliyan 3 a shekara daga wannan cinikin. Haba jama'a. Da farashin 2017 sai an loda kwantena wajen dubu 170 kafin a kai nan, alhali a shekarar da ake yabo ba a cika dubu biyu ba cikin wata tara. Ko farashi ya ninka sau uku lissafin baya zuwa kusa. Irin wannan maganar illarta a ƙauye take sauka, mutum ya ji a rediyo ya cika gonarsa da yakuwa.

Bayan buɗewar kasuwa ta farfaɗo, wannan gaskiya ne, har ma ta wuce da. Abubuwa biyu suka ƙara mata wuta waɗanda ba ruwansu da ƙoƙarin kowa a nan. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya taɓa Kordofan da Darfur, inda zoɓonsu mai suna a duniya, wanda suke ce wa karkade, ke fitowa ya bi ta kasuwar El Obeid, masu saye suka ƙara juyowa Afirka ta Yamma. Sannan a Yunin 2023 aka saki naira ta faɗi, duk abin da ake sayarwa da dala ya yi tsalle in an juya shi naira. Sai kowa ya zama ɗan zoɓo, har wanda bai san bambancin mai duhun ja da mai haske ba ya kama sito yana tarawa. Gwamnatin Jigawa ma ta shiga maganar sarrafa shi a Maigatari. Masu sayar da na sha a unguwa kuma suka fara ƙorafin kwano ya yi tsada, wanda da ba a jin wannan.

Amma a nawa ganin an gyara bakin hanya ne ba a gyara hanyar ba. Ɗakin turarawa yana kashe ƙwaro a matakin ƙarshe, madalla, sai dai sito yana nan yadda yake, tsohon buhu yana nan yana zagayawa, kuma har yanzu in aka kama kwantena da wuya a iya bin sawu a ce daga wane sito, daga wace kasuwa wannan kayan ya fito, tunda an gauraya na mutum hamsin. Sannan tsarin ya tattara cinikin a hannun 'yan kaɗan, duk mai son kai kaya Meziko dole ya bi ta ɗakin da aka amince da shi ya biya ya jira layi, ƙaramin mai fitarwa da da yake haɗa kwantena ɗaya ko biyu a shekara yanzu ko ya biya ko ya sayar wa babba. Kuɗin turarawar kuma ba daga aljihun mai saye na Meziko yake fita ba, ana cire shi ne daga farashin da ake ba na ƙasa.

Ga kuma wani ƙulli da ba a cika faɗa ba. Shi wannan gas ɗin da ya buɗe Meziko, Tarayyar Turai ta haramta amfani da shi a ƙasashenta tun 2010, kuma kamfanonin shayi na Jamus da ke sayen zoɓo suna haɗa shayin 'ya'yan itace suna gwada kaya a ɗakin bincike su ga ragowar magani, masu neman wanda ba a sa wa magani ba sam kuwa ko kallon wanda aka turara ba zasu yi ba. Ke nan buhun da aka shirya wa Veracruz ba lallai ya shiga Hamburg ta Jamus ba in wani abu ya sake faruwa yana kan hanya. Mai son kasuwa biyu sai ya raba kaya tun daga ƙauye, buhu daban, sito daban, takardu daban, na Turai kuma a kashe masa ƙwari ta wata hanyar kamar sanyi mai tsanani ko ɗakin da aka zuƙe wa iska, waɗanda duk sun fi tsada kuma suna son wutar lantarki tsayayya.